Inda Manya ke Jiran Jirgi: Zango a Kan Hanyar Arlit

Falon manyan fasinjoji wani keɓaɓɓen wuri ne a cikin filin jirgin sama, can bayan an wuce masu duba fasfo da masu binciken kaya, inda matafiyin da ya yada zango yake zama kafin a kira jirginsa na gaba. Ba kowa ke shiga ba. A bakin ƙofa akwai ma'aikaci da na'ura, kuma sai takardar shiga jirgi ta nuna cewa mutum ya yanki tikitin ajin 'yan kasuwa, wato kujerun gaba, ko yana riƙe da katin da kamfanin jirgi ke bai wa wanda ya yawaita tafiya da shi, ko katin wani kamfani irin Priority Pass da aka kafa a 1992. Wasu falukan kuma ana biyan kuɗi ne a ƙofa. A ciki akwai kujeru masu laushi, da abinci a jere wanda kowa ke ɗiba da kansa, da shayi da gahawa, da intanet, da wurin cajin waya. A manyan filaye har da wurin wanka, da ɗakin kwana, da wurin salla. Akwai kuma giya a yawancinsu, wadda Musulmi ya riga ya biya kuɗinta a cikin tikiti ko da bai kalli inda take ba.

Kamfanin American Airlines ne ya fara buɗe irin wannan falo a birnin New York a 1939, kuma a lokacin sai wanda aka gayyata. Abin bai zama ruwan dare ba sai a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da manyan jirage suka cika da masu tikiti mai rahusa, kamfanoni suka ga ya kamata a ware wa ma'aikacin da ofishinsa ke biya masa kuɗin tafiya wani aji tsakanin na ɗaya da na gama-gari. Daga baya kamfanonin suka haɗa ƙawance, Star Alliance a 1997, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000, har katin kamfani ɗaya ya zama yana buɗe ƙofofin falukan abokansa. A ƙananan filaye sau da yawa falo ɗaya ne tak, na wani ɗan kwangila, kowane kamfanin jirgi yana biyansa gwargwadon fasinjojinsa da suka shiga. Wannan daban yake da falon girmamawa da ke filayen ƙasashen da Faransa ta rena, na ministoci da jakadu da sarakuna. Can muƙami ne ke shigar da mutum.

Shekarun da aka ƙirƙiro ajin 'yan kasuwa su ne shekarun da yuraniyom ɗin Nijar ya fi daraja, shi ya sa tarihin falon ya ratsa wani yanki da ba a zaton samunsa a ciki. Arlit tana da nisan kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, kuma wajen kilomita 1,200 daga Yamai ta hanyar mota, ko da yake ta sama bai wuce 800 da 'yan kai ba. Tsakanin Agadas da Arlit, a filayen da ke yamma da duwatsun Abzin, nan ne ƙaramar hukumar karkara ta Dannet take, ƙasar makiyayan raƙuma da awaki. A cikinta ne Imouraren take, ɗaya daga cikin wuraren da yuraniyom ya fi taruwa a duniya. Duk wanda zai je Arlit daga kudu sai ya ratsa wannan ƙasa, ko ta kan kwalta ko ta samanta.

Tun kafin mota da jirgi yankin ya san yada zango, kuma ya san cewa ba a yada shi daidai wa daida. Ayarin Abzinawa yakan tashi da kaka ya keta Tenere zuwa Fachi da Bilma, ya ɗauko gishiri da dabino, ya dawo Abzin ya huta, sannan ya gangara Damargu da Damagaram har Kano ya sayo gero da tufafi. Da irin wannan ayari na gishiri Baturen matafiyi Heinrich Barth ya yi kudu bayan ya ziyarci Agadas a 1850. Madugu ne ke zaɓen inda za a sauka, abin da yake nema kuwa bai wuce ruwa da kiwo da aminci daga mahara ba. A manyan garuruwa akwai unguwar da aka ware wa baƙi, kamar Zango a wajen Birnin Damagaram da Fagge a wajen ganuwar Kano. Attajirin ayari yakan sauka gidan fatoma, a ba shi ɗaki da abinci, a adana masa kaya, a haɗa shi da dillali. Yaran da ke jan raƙuma kuwa a fili suke kwana tare da dabbobi. Bambancin matsayi ke nan ba jirgi ne ya kawo shi ba. Abin da ya bambanta shi ne fatoma ya san baƙonsa, ya san ubansa, yana iya tsaya masa a bashi, yana kuma ɗibar labarin kasuwa daga bakinsa. Ma'aikacin ƙofar falo kati kawai ya sani.

Faransawa sun fara gano yuraniyom a Azelik a 1957, suka gano na Arlit a tsakiyar shekarun 1960, na Imouraren a 1966. Aka kafa kamfanin Somair a 1968, aka soma gina garin Arlit a 1969 a wurin da babu gari, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. Kamfanin Cominak, wanda ke haƙa a ƙarƙashin ƙasa, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978, ya gina nasa garin a Akokan. Garuruwan biyu an tsara su ne bisa matakin aiki. Manyan ma'aikata, waɗanda ake kira kadar, akasarinsu Turawa a farkon lamari, suna da unguwarsu da kulob ɗinsu mai wurin ninƙaya da gidan cin abinci. Matsakaita suna da tasu, leburori suna da tasu. Kamfani ke ba da ruwa da wuta da asibiti, kantinsa kuma yana sayar da kayan Faransa a tsakiyar hamada, har aka yi wa garin laƙabi da ƙaramar Paris. Wanda ya zo neman aiki bai samu ba sai ya kafa bukka a gefe, a unguwannin da har yau ake kira Bukkoki.

Tafiya ma haka aka tsara ta. Kamfani yana da filin saukar jirgi a kusa da ma'adinan, yana ɗaukar hayar ƙananan jirage da ke zirga-zirga tsakanin Arlit da Yamai cikin kimanin awa biyu. Daga Yamai kuma jiragen UTA da na Air Afrique, wanda ƙasashen Afirka goma sha ɗaya suka kafa a 1961, suna kai mutum Paris cikin awa biyar da wani abu. Injiniyan da zai tafi hutu yakan bar gidansa mai sanyaya ɗaki, motar kamfani ta kai shi bakin jirgi, a Yamai wata motar ta tarbe shi zuwa masaukin kamfani ko otal irin Gaweye da aka gina da kuɗin yuraniyom a bakin kogi, da dare ya zauna a falon filin jirgi, da safe ya karya kumallo a Faransa. Kowane zango a wannan tafiya killatacce ne, mai sanyi, da mai gadi a ƙofa, kuma falon filin jirgi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Mutum yana iya shekara goma yana kai da kawo tsakanin Arlit da Paris bai taɓa shan shayi a tashar Abalak ba. Ba lalle ne girman kai ya jawo haka ba, tsarin ne aka gina don kada ya buƙaci hakan. Amma ya haifar da manyan da ke yanke hukunci kan ƙasar da ba su san wahalar ratsa ta ba, kuma lokacin da 'yan Nijar suka gaji kujerun kadar sun gaji jirgin tare da kujerar.

Sauran jama'a hanya suke bi. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, kimanin kilomita 650, tsakanin 1976 da 1980, kuma da farko ba don fasinja aka yi ta ba. An yi ta ne don manyan motocin da ke hauro da farar wuta da man fetur da injuna, su gangara da gangunan garin yuraniyom mai launin rawaya zuwa tashar ruwa ta Kwatano a Benin. Fasinja ya ci albarkacin ma'adini. A zamanin Shugaba Seyni Kountché hanyar sumul take, ƙasar tana fitar da sama da tan 4,000 a shekara a farkon shekarun 1980, motocin kamfanin sufuri na SNTN suna bi dare da rana. Mutumin Dannet ya samu inda zai tsaya ya ɗaga hannu, ya samu mai sayen cuku da akuya a bakin titi. Layin wutar da ke fitowa daga tashar kwal ta Sonichar a Anou Araren, kusa da Tchirozerine, ya bi ta arewa zuwa Arlit, rugage suna kallonsa.

Daga nan farashin yuraniyom ya faɗi, kamfanoni suka rage ma'aikata, Turawa da yawa suka koma gida. A farkon shekarun 1990 tawayen Abzinawa ya ɓarke, sai wani sabon nau'in jira ya bayyana a Agadas da Arlit, wato jiran rakiyar soja. Motoci sukan taru a bakin gari tun asuba, ba wanda zai motsa sai ranar da aka ware da sa'ar da sojoji suka shirya. Bayan sulhun 1995, shekarar da jagoran 'yan tawaye Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi a duwatsun Abzin, aka raɗa wa filin jirgin Agadas sunansa, jiragen haya suka riƙa kawo 'yan yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Waɗannan ba masu neman falo ba ne, sun biya kuɗi ne don su kwana a kan rairayi. UTA ta narke cikin Air France a 1992, Air Afrique ta durƙushe a 2002. Sabon tawayen Abzinawa na ƙungiyar MNJ a 2007 ya kori 'yan yawon buɗe idon, ya dawo da rakiyar soja da nakiyoyi a kan hanya.

A wannan shekara ta 2007 farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabo. A 2009 Shugaba Mamadou Tandja da shugabar kamfanin Areva na Faransa, Anne Lauvergeon, suka aza harsashin aikin Imouraren, aka yi alkawarin tan 5,000 a shekara. Dannet ta ga motoci da injuna da sansanin ma'aikata irin waɗanda ba ta taɓa gani ba. Sai dai a Satumbar 2010 aka sace mutum bakwai, ma'aikatan Areva da na wani kamfanin kwangila da matar ɗaya daga cikinsu, daga gidajensu a Arlit, huɗu ba su kuɓuta ba sai Oktoban 2013. A ranar 23 ga Mayun 2013 kuma aka kai harin ƙunar baƙin wake masana'antar Somair da barikin soja na Agadas. Daga nan hawa jirgi ya tashi daga jin daɗi ya koma dokar tsaro. Baƙon ma'aikaci ba ya bin hanya ko da yana so, iyalinsa ba sa zama a Arlit, yana zuwa ne ya yi 'yan makonni a bayan shinge ya koma. Tafiyarsa ta yawaita, zamansa ya ragu, katinsa na kamfanin jirgi ya yi nauyi. Haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 ya karya farashi, aka dakatar da Imouraren a 2014. A yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin Nijar a wannan shekara Areva ta yi alkawarin Yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ta riga ta yi raga-raga har direbobi suka gwammace su bi gefenta a cikin rairayi.

A 2019, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka na watan Yuli, kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin jirgin Diori Hamani na Yamai, aka ba shi riƙonsa na shekara 30. Sabon ginin ya zo da falo irin na zamani, fuskokin da ke ciki kuma sun canza. Ga 'yan Sin masu man Agadem, waɗanda suka taɓa haƙar yuraniyom a Azelik, ga 'yan Kanada masu aikin yuraniyom na Dasa, da na Madaouela a lokacin, ga Turkawa 'yan kwangila, ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Mafi muhimmanci, ga 'yan ƙasa. Tun da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014, Arlit ta zama mashigar masu haƙa, arewa ta fitar da attajiran da arzikinsu bai bi ta ofishin kamfanin ma'adinai ba. Alhajin da ya yanki tikitin kujerar gaba zuwa Dubai ko Jidda da kuɗin aljihunsa ya zauna kusa da injiniyan da kamfani ya biya wa. Wannan shi ne sauyi mafi girma a tarihin falon a Nijar.

Falon Yamai wurin jiran awa ɗaya ko biyu ne. Ainihin zango yana can gaba, a Istanbul ko Addis Ababa ko Kasabalanka ko Lome, inda ake sauya jirgi. A sabon filin Istanbul, wanda ya karɓi dukan jirage a Afrilun 2019, falon Turkish Airlines yana ɗaukar ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Akwai akwatunan ajiye jaka masu makulli a kusa da ƙofa, akwai masu dafa abinci da ke gasa gurasa da nama a gaban mai ci, akwai wurin wasan yara, da masallaci, da 'yan ɗakunan kwana da ake bayarwa bisa sharuɗɗan tsawon zango. A filin Bole na Addis Ababa falon Cloud Nine na Ethiopian Airlines ya fi ƙanƙanta, ana soya gahawa irin ta gargajiya, ana ajiye injera kusa da abincin Turawa. Wanda ya saba yakan fara da rubuta suna a layin wanka, domin da sassafe, lokacin da jiragen dare suka sauka, layin yana da tsawo. Sai salla, kuma a nan ne matafiyi ke rama abin da ya kuɓuce masa a sama, ya haɗa ya yi ƙasaru. Sai abinci, sai waya. Ga wanda ya fito daga garin da ƙura ke shiga har cikin tuwo, ruwan zafi mai ƙarfi da shiru sun fi duk abincin da aka jera daraja, su ne ainihin abin da ake sayarwa. Akwai tarko guda: falukan da yawa ba sa shelar tashin jirgi, sai mutum ya riƙa duba allo, kuma a fili mai girman Istanbul ƙofar jirgi tana iya kai tafiyar minti ashirin. Barci a kujera mai laushi ya sa mutane da dama sun rasa jirgi.

Tikitin kujerar gaba yakan ninka na gama-gari sau uku ko fiye, amma bai sayi komai da komai ba. Mai fasfon Nijeriya ko Gana, alal misali, yana buƙatar biza ko da zama kawai zai yi a filin jirgin ƙasashen Schengen na Turai, sai dai in yana da wata takardar da ta ɗauke masa. Wannan na cikin dalilan da suka sa 'yan Afirka ta Yamma suka karkata ga Istanbul da Addis Ababa. Kamfanonin jiragen ƙasashen biyu kuma sun san fasinjan baya shi ne mafi yawa. Ethiopian tana ba da otal ga wanda zangonsa ya kai awa 8 zuwa 24 ba tare da laifinsa ba, Turkish tana zagayawa da masu dogon zango cikin birni kyauta.

Arlit tana da wani wurin jiran na daban. Hukumomin Aljeriya sukan sauke baƙin haure a hamada, kimanin kilomita 15 daga garin Assamaka na bakin iyaka, su taka da ƙafa zuwa garin, daga nan a kwaso su zuwa cibiyoyin Hukumar Ƙaura ta Duniya a Arlit da Agadas. A can suna jiran takardun tafiya daga ofisoshin jakadancin ƙasashensu, makonni ko watanni, kafin a sa su jirgin komawa gida. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 arewa da Arlit, akasari mata da yara daga yankin Kance, waɗanda motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta tura direbobi zuwa ɓoyayyun hanyoyi marasa rijiya, har aka soke ta a Nuwamban 2023.

Cominak ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki ban da na 'yan kwangila. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, aka rufe iyakar Benin, gangunan yuraniyom suka taru a Arlit babu hanyar fita. Gwamnati ta ƙwace lasisin Imouraren daga Orano, magajin Areva, a Yunin 2024, ta mayar da Somair mallakar ƙasa a Yunin 2025, kamfanin da a da Faransawa ke da kashi 63 cikin ɗari a cikinsa. Air France ta daina sauka Yamai tun Agustan 2023. Tsohuwar tafiyar nan ta awa biyar da rabi zuwa Paris sai labari. Mai zuwa Turai dole ya ratsa ta wata ƙasa, ya ɓata yini ko kwana a hanya, don haka yada zango ya zama wajibi a kan kowa, mai kati a falo, marar kati a kan kujerar ƙarfe a bakin ƙofar jirgi.

Rarraba fasinja aji-aji kuma ya sauko kan kwalta. Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo da Sonef da STM suna da tashoshinsu na kansu masu katanga, kuma a kan manyan hanyoyi ana samun mota mai sanyi da ake biyan ƙarin kuɗi a kanta. Da yake ana tashi tun kafin asuba, fasinjan da ya zo daga ƙauye yakan kwana a tashar, a kan tabarma, kusa da mai shayi da famfon alwala. Mutumin Dannet da zai je Umara yakan soma da jiran mota a bakin hanya, ya kwana a tashar Agadas, ya yi yini da wani ɓangare na dare kafin ya isa Yamai, ya sake kwana gidan ɗan'uwa kafin ranar jirgi. Tafiyar Agadas zuwa Arlit, wadda a zamanin da kwalta ke sabuwa ake yi cikin awa uku, tana cin ninkin haka ko fiye a wuraren da gyara bai kai ba.